Amin Mafi Ƙarfi a Kagoro

Yau zan yi ikirari. Shekarar da nake haɗa manhajar waya don manoman citta, nakan zauna ina kallon gajimare bisa duwatsun Kagoro, ina hango hotona a jarida.

An koya mini a fara tambayar masu amfani da abu. Sai na je wurin zumuntar mata bayan sujada, na karanto musu abubuwa goma sha biyu da manhajar za ta iya yi. Kowanne suka amsa da "Amin." Ni kuwa gwani, ina auna ƙarfin kowane Amin.

Na ƙarshe, wato waƙar yabo in an buɗe manhajar, ya samu Amin da ya girgiza rufin kwanon coci. Wata uku na yi ina aiki a kansa, na ajiye batun farashin citta a kasuwar Kafanchan gefe.

Ranar nunawa, shugabarsu Mama Saratu ta saurari waƙar har ƙarshe.

"Ɗana, ina farashin citta?"

"Mama, ai waƙa kuka zaɓa."

"Mun ga ka naɗe takarda ne. Shinkafar da za mu ci na hucewa."

Har yau, in bayanina ya yi tsawo, matata takan ɗaga hannu sama: "Amin!"