Rasuwar Butar da Ba Ta Iya Sauri

Da zuciya a karye, cike da baƙin cikin da na rasa inda zan ajiye shi, nake sanar da abokan aiki, da ɗalibaina na da da na yanzu, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar da ke gaban teburina, rasuwar butar lantarkin ofishina. Ta cika ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiyar ba tawa ba ce tun asali. Marigayi maigidana, uban 'ya'yana, shi ne ya saye ta a shekarar da ya fara koyarwa a sashenmu na jami'a. Waɗanda suka san shi za su tuna mutum ne da ba ya zama. A tsaye yake cin abinci, yana tafiya yana karanta takarda. Ya ɗora wa kansa sai ya zama farfesa kafin ya cika arba'in da biyar, kuma ya zama, saura wata huɗu. Takardar ƙarin girman ta iso ranar Litinin. Ranar Alhamis ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, yana tsakiyar darasi, bai sake magana ba. Da aka kwashe ofishinsa, aka miƙo mini kwali uku na takardu da wannan buta. Takardun na kai ɗakin karatu. Butar na riƙe.

Kowa ya shaida cewa marigayiyar ba ta iya sauri. Minti goma sha biyu take ɗauka kafin ta tafasa ruwan kofi biyu, ko wane ne ke jira. Da fari sai ta yi ta "zuuu" a hankali, can ta koma "gur-gur-gur", murfinta ya kama rawa, sannan ta yi "ƙas!" ta kashe kanta. Shi maigidana ya sha kunna ta ya fita, ya dawo ya tarar ruwan ya huce.

Wannan nawar tata ita ce alherinta. Ni mai duba ayyukan bincike ce, kuma ɗaliban da ke zuwa wurina duk masu son kai wa ƙololuwa ne. Sukan shigo ido jajur, takardu a hammata, suna so in sa hannu su wuce. Sai in kunna ta in ce a zauna sai ta tafasa. A cikin wannan jira ne wata ta gaya mini ta faɗi jarrabawa kuma ta ɓoye wa mijinta wata biyu. A cikinsa ne wani ya ce 'yarsa ta fara tafiya, a waya ya gani. Ban cika ba su shawara ba. Kafin a ji "ƙas!", yawanci sun ji abin da bakinsu ya faɗa, kuma ya ishe su.

Ciwonta ya fara bara da yoyo ta ƙasa. Daga baya makunninta ya daina tsayawa sai na tokare shi da cokali. Na kai ta wurin mai gyara sau uku. A na ukun ya juya ta, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ki bar ta ta huta haka nan." Ban iya ba.

Ranar da ta cika, ɗalibina da ake kira Zakara ne a kujerar, don tun yana firamare bai taɓa zuwa na biyu ba. Ya nemi gurbin ƙarin karatu a waje, mutum ɗaya ake so, shi ya zo na biyu. Ya shiga gaya mini rayuwarsa ta tashi a banza, yaron da bai wuce shekara ashirin da bakwai ba. Ya ce mahaifiyarsa na kwance a asibiti mako biyu, bai leƙa ta ba saboda shirin ganawar neman gurbin.

Na zuba ruwa, na danna, na tokare da cokali. Wutar ba ta kama ba. Na canza soket. Na kara kunnena a jikinta. Shiru. Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba.

Zakara ya rikice. "Malama, buta ce fa. Yanzu sai in sayo miki wata."

Sai na gaya masa butar wane ne. Na kuma gaya masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a waccan Litinin maigidana ya karanta takardarsa sau biyu, ya ajiye, ya ce mini, "Shi ke nan? Na ɗauka zan ji wani abu."

Yaron ya dubi butar. Can ya turo mini fayil ɗinsa. "Malama, ki ajiye mini. Zan je wurin Umma."

Marigayiyar ta rasu ta bar kofi biyu, ɗaya ba mariƙi, da cokalin da ya yi jinyarta har ƙarshe, da gwangwanin ganyen shayi, da ɗalibai da dama, da ni.

Ba za a kai ta bola ba. Ranar Juma'a da safe autata za ta zo mu ɗauke ta zuwa gida, inda za a cika ta da ƙasa a dasa fure a ciki, a ajiye ta a bakin tagar ɗakin mahaifinsu. Za a karɓi gaisuwa a ofis gobe da jibi, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Ana roƙon masu zuwa kada su taho da babi na uku, ko wata takarda mai neman sa hannu.

Daga nan ofishin zai kasance a rufe wata guda. Na rubuta takardar neman hutu, ta farko cikin shekara goma sha ɗaya, kuma an amince. Duk wanda ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, ya koma gida ya zauna da nasa.