Ranar da Arɗo ya tambaye ni ciyawar duniyar Mars

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a ƙofar gidan dagacinmu ba, kodayake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Ƙiru, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Ɗansoshiya. (Sabon malami ya fi sabon ango rawar kai, kowa ya shaida.)

Rigimar burtali ce ta tara mu. Ƙauyen ya cika ya batse. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, mu goma sha ɗaya muka raba ta, kuma haka abin yake a kowane gida. Kowa sai ya ɗan ci gefen hanyar shanu, har ta koma ba ta ɗaukar saniya biyu a jere. Rannan shanun Arɗo Buba, wanda rugarsa ta haura shekara arba'in a bayan gari, suka faɗa dawar Kawu Sale. Dagaci ya kira zaman sulhu, aka ce in zo in rubuta abin da aka yanke.

Ana cikin ja-in-ja wani dattijo ya yi ajiyar zuciya, ya ce gaskiyar magana mutane sun yi wa ƙasa yawa. Ni kuwa makon nan kaf na ƙare shi ina kallon kumbon 'yan sama jannati a waya. Sai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni.

Na ce wa dagaci ransa ya daɗe, kowa ya kwantar da hankalinsa, an kusa samun mafita. Na yi bayanin cewa masana na shirin kwasar mutane zuwa duniyar Mars, fili ne fetal ba mai shi, in aka rage jama'a ƙasarmu za ta huta. Har na durƙusa na zana rana da duniyoyinta a kan rairayi. Kowa ya zuba min ido. (Ni a haukata na ɗauka burge su na yi.)

Arɗo ya matso da sandarsa, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, akwai ciyawa a can?"

Na ce babu. Ya tambayi ruwa, na ce sai ƙanƙara. Da kaina na ƙara da cewa iskar shaƙa ma sai mutum ya goya abarsa a baya. Kawu Sale ya tambayi mutum nawa kumbon ke ɗauka, na ce ba su kai cikin motar kasuwa ɗaya ba, kuma har yau ba wanda ya taɓa zuwa. Ya tuna min cewa a unguwarmu kaɗai suna uku aka yi a makon.

Arɗo ya daɗe yana kallon zanen nawa, sannan ya ce a hankali, "Ayya. Na ɗauka wani daji ka samo mana. Har na fara tunanin kwana nawa za mu yi a hanya."

Da dariya aka yi min da na fi samun sauƙi. Ba wanda ya yi. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana murza carbi, dagaci kuma ya ce, "Malam, zauna."

Aka tashi baram-baram. Ba manomin da ya yarda ya saki ko kunya ɗaya ta gonarsa (ni kuwa ina da kunyar da za ta ishi kowa). Bayan kaka Arɗo ya kaɗa shanunsa ya yi kudu, aka ce an gan su wajen Doguwa. Tun daga nan nono ya yi wuya a ƙauyen, taki ya fi shi wuya. Damina na faɗuwa aka rarrabe tsohuwar rugar aka shuke. Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne, ni ma na samu kunya huɗu a ciki, masarar kuma ta yi kyau.

Har yau 'yan acaɓan Kafin Maiyaƙi Malam Kumbo suke kirana, ina amsawa. Darasin da na ɗauka bai da daɗi: mutanen da suka kasa bar wa maƙwabcinsu taku goma ya wuce da shanunsa, ko duniya sabuwa fil aka ba su, kafin damina biyu za su fara rigimar iyaka. Kuma na san wanda za a fara kamawa yana matsar da dutsen iyakar.