Rasuwar Siririya, Wuƙar Inna Mai Abinci

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Inna mai abinci ta bakin gareji na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin kwano ɗaya a rumfarta cewa wuƙarta Siririya ta kwanta dama. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannun wanda bai san darajarta ba.

Marigayiyar ta shigo hannun Inna tun kafin ta haifi 'yarta ta fari. Da faɗinta ta zo, mai washi ne ya yi ta cin ta shekara da shekaru har ta rame, sunan ya bi ta. Ba ta taɓa ƙin aiki ba. Albasa, tumatir, guringuntsi, duk ɗaya ne a wurinta. Makanikai in sun ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan katako, sun san lokacin wanke hannu ya yi.

Babban alherinta kuwa shi ne rufin asiri. Tun bara Inna take gani dishi-dishi, ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙotar Siririya ta lotsa daidai inda babban yatsanta yake zama, don haka ko ido a rufe ta san inda baki zai sauka. 'Yarta ta daɗe tana cewa, "Inna, ki rufe rumfar nan ki dawo gidana ki huta." Amma in ta ga yadda albasa ke zuba, sai ta bar maganar. Inna ta san hutun nan sarai: kujera a gefe, a miƙo mata abincin da wata ta dafa. Tana tsoronsa fiye da ciwo.

Rashin lafiyar ba ta yi tsawo ba. Surukin Inna, mutum mai son a ce ya taimaka, ya cusa Siririya tsakanin kaji biyu da ƙanƙara ta manne, ya banƙara. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙas! An garzaya da ita wurin mai walda, ya juya ta, ya girgiza kai. "Sai haƙuri, Inna. Ko na liƙa ta, sunan wuƙa kawai za ta ci gaba da amsawa."

Ta rasu ta bar katakon yanka, wanda duk jikinsa tabonta ne, da dutsen washi da yanzu ba shi da aikin yi, da wasu wuƙaƙen talla guda uku masu murƙushe tumatir su ce sun yanka.

Batun magajiya shi ya hana Inna sukuni. Akwai wata a shagon kayan girki, kwance cikin gilashi kamar zinariya, kuɗinta daidai da abin da Inna ta ɓoye don ganin likitan ido. Ta je ta riƙe ta. Ƙotar santsi, sanyi, ba ta san hannun kowa ba. Mai shago ya ce, "Wannan ba a danna ta, Mama, ɗora ta kawai ake yi." Maganar ba ta kwantar mata da hankali ba ko kaɗan. In ba ta saya ba, abinci zai riƙa makara, makanikai su koma rumfar gaba. In ta saya, ga kaifi, babu ido, kuma ranar da 'yarta ta ga jini a katako, ranar za a rufe rumfa. Ta fita, ta dawo, ta sake fita. A ƙarshe ta kwance bakin zane, likita ya jira.

Za a binne Siririya gobe da yamma a bayan rumfa, gindin tukunyar ruwa, naɗe cikin tsumman da ake goge ta da shi. An yafe wa suruki, amma an roƙe shi ya tsaya nesa da kicin. Za a karɓi gaisuwa a kan bencin masu cin abinci, abinci kuma zai fito a kan lokaci, da sabuwar wuƙa.

Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada kowa ya tambayi Inna abin da ya sami yatsanta da ke ɗaure, musamman a gaban 'yarta. Ta riga ta ce ƙofa ce ta datse ta.