Manhajar Da Ba Ta Jin Ajami

Yau da hantsi na yi zufar da ba ta rana ba a zauren Inna Hadijatu, matar marigayi Malam Halliru. Ita ta ba ɗakin karatun unguwarmu aron littattafan mijinta, na Larabci da na ajami, da sharaɗi guda: kafin babbar Sallah a jera sunayensu a intanet, ɗalibansa na Konni da Sakkwato su riƙa dubawa ta waya. In ba haka ba, ta kwashe abinta.

Wa aka naɗa ya zaɓo manhajar da za a zuba sunayen a ciki? Ni, Lawwali. Dalili kuwa ina sa tabarau, kuma an taɓa ganin na gyara firinta da mari.

Malama Sadiya, mai kula da ɗakin, ta ce akwai ta kyauta da ɗakunan karatu ke aiki da ita, tana karɓar kowane irin rubutu. Na dube ta ta saman tabarau na ce araha ba ta ado. Shekara ashirin ina dillancin babur a Illela, na san kayan kirki da nauyi ake gane shi.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Ƙaddamarwa, Allah ya ƙara masa rumfuna, ya goya mini baya. Ya ce, "Ta kyauta? To mi za mu ƙaddamar? Wa ka taɓa gani ya yanke ƙyalle bisa abin da ba a saya ba?" Hikima ke nan. Ɗan kwangilarsa ya kawo wata cikin kwali mai ƙyalli. Na ɗaga, na ji nauyi, na ƙwanƙwasa, na tambayi ƙasar da aka yi ta. Ko tana jin ajami? Wannan kam bai zo mini a rai ba.

Sau uku aka ƙaddamar da ita. An sha lemo, an sha jawabi, ba wanda ya buɗe shafin. Sadiya ta yi ta cewa in zo in ga wani abu, ni kuwa ina fama da jera kujerun manya.

Yau ta buɗe shi a waya gaban Inna. Kowane suna ya koma jerin alamun tambaya. Ashe manhajar, baiwar Allah, boko kaɗai ta sani.

Inna ta ƙura ido. "Lawwali, mi na wanga kamar ƙugiyoyi?"

"Alamar tambaya ta, Inna."

"Wane na wanda Malam yar rubuta da hannu nai?"

Na ja shafin sama, na ja ƙasa. "Yana ciki, Inna."

"Shekara arba'in mutane na zowa wurin Malam da tambaya, su koma da amsa. Kai wata ukku anka ba ka shi, ka maishe shi tambaya."

Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayin tsohuwar nan. Da la'asar amalanke ya zo kwashe littattafan Inna. Ni da kaina na ɗora kwalin farko, har yanzu kwankwasona bai yafe mini ba.

Na kira Mai Girma in kai ƙara. Ya ce alhamdulillahi, tunda kantocin littattafai sun yi fili za a kafa kwamitin cike su, kuma ba wanda ya dace da shugabanci sai mai ƙwarewa irina.

Ku rufa mini asiri, jama'a, ban ce a'a ba.