Gudun Rage Tumbi

Tun da ma'aikaciyar asibiti ta kalli tumbina ta girgiza kai, ban sake samun natsuwa ba. Ta ce in rage maiƙo, in riƙa shan citta, in riƙa tafiya da sauri, jiki zai ƙone kitsen da kansa. Ni kuwa na ga idan sauri na da amfani, ai gudu ya fi.

Bayan sallar asuba na dafa citta, na ƙara barkono cokali biyu don kada in yi wa maganin ha'inci. Na shanye, idanuna na zubar da ruwa, na fita da gudu na nufi gindin dutse.

Na manta cewa a unguwarmu ta Kazaure, magidanci mai furfura ba ya gudu sai da dalili. Mai shayi ya ga hawayena, ya yi salati, ya biyo ni. Kafin in sha kwana mun zama mu tara. Na so in tsaya, amma me zan ce musu? Sai na ƙara wuta.

Surukina ne ya tare ni a kan babur, hularsa a karkace. Ya san 'yarsa na da tsohon ciki.

"Yarinyar ce?" in ji shi.

Na durƙusa ina haki. Ƙarya haramun ce.

"Lafiyarta lau, Baba. Tumbi nake ragewa."

Ya daɗe yana kallon tumbin, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Har yau, in na ɗan ɗaga ƙafa zuwa masallaci, sai wani ya ce, "Malam, mu ɗauko makara, ko na tumbi ne?"