Makin Tsohuwar Goɗiya

"Lafiya ƙalau, maigida. Ya kwanan 'yan caca?"

"Ni dai gaishe ki na yi, tsohuwa. Ya gwiwar?"

"Tana amsawa. Ta ce in gaya maka ta girme ka, ka daina kiran sunanta gatsau."

Mai gaisuwar Zulkiflu ne, jikana, mijina tun yana cikin tsumma. Na same shi a falon babansa a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur, can saman bene inda ko tsuntsu sai ya huta kafin ya iso, ya tasa kwamfuta a gaba yana kallon dawaki suna gudu. Wai karatun digiri na biyu ke nan. Gwamnati ta ɗauko yaro tun daga Kano ta kawo shi jami'ar da ke Jalan Semarak ya koyi lissafi, shi kuma ya rasa abin lissafawa sai ƙafar doki.

Ni kuwa aikin gwiwa ya kawo ni Kuala Lumpur, kuma tafiyata gida ta matso. Jiya babansa, ɗan farina da ba na kama sunansa, ya ce zai sa a tanadar mini keken guragu a tikiti, a turo ni tun daga nan har ƙofar fita a Kano. Da na buɗe masa wuta sai ya zame, ya ce Zulkiflu ke raka ni asibiti, abin da ya ce shi za a yi. Ga shi Ɗelu, taubashiyata, ta rantse sai ta zo tarbata. Ita ce ranar da zan taho ta ce a gaban jama'a, "Sakinatu, taka ƙasar nan da kyau, don a kwando za a dawo mana da ke." In matar nan ta gan ni ana turowa, na gama buɗe baki a gidan biki har in koma ga Allah.

Na zauna kusa da shi ban dafa komai ba, don ya gani.

"To, alƙali, me ka yanke?"

"Kotu ba ta zauna ba. Kin ga aiki nake. Jibi zan kai wa malamina makin ƙananan dawakin nan."

"Maki? Jarrabawa suka rubuta?"

"Makin gudu. Kowannensu duƙushi ne, ba wanda ya taɓa shiga babbar tsere. Mai son saye yana so ya san wanda zai zama doki, da wanda zai ƙare a bakin teku yara na hawa ana ɗaukar hoto."

"Mai son saye ko mai son zuba kuɗi? Rantse ba ka taɓa yankar tikiti a filin sukuwar Sungai Besi ba."

"Wallahi ko tagar ban sani ba. Agogo kawai nake bi, lah."

"Ku ji shi, wai lah. Ɗan Ƙofar Na'isa da aka yaye da koko."

Ya yi kamar bai ji ba, ya kunna mini bidiyo biyu. A na farko wani akawal, baƙi wuluk, ya wuce kamar an jefo shi. A na biyu wani kili ne, ya iso yana haki kamar mai bin bas.

"Baƙin nan nawa ka ba shi?"

"Sittin da biyu."

"Mai hakin fa?"

"Saba'in."

"Innalillahi! Gwamnati ta yi asara. Ni da ba ni da digiri na ga wanda ya fi gudu. Ko kilin surukinka ne?"

"Ke dai da tsohon ido. Agogo shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya duka. Akawal a busasshiyar ƙasa ya yi gudunsa. Kili kuwa ranar an tafka ruwa, filin ya zama kunu. Sai na duba sauran dawakin da suka yi gudu a ranar, na ga nawa laka ta ci musu, na mayar masa da abinsa."

"Sai ka ce zakka."

"Na biyu, nauyi. Mahayinsa ya fi nauyi, ga dalma da aka ƙara masa a sirdi. Kowane kilo da ladansa. Na uku, yaro ne. Dawakin da ake kawowa daga Ostireliya rana ɗaya ake ƙara musu shekara, ɗaya ga Agusta, ko a wane wata aka haife su. A takarda sa'annin juna ne, amma akawal ya ba shi watanni."

"Ashe 'yan ajinmu ne. Ni da Ɗelu da duk matan layinmu, a fasfo ɗaya ga Janairu aka haife mu. Ungozomar unguwa ta sha wuya ranar."

Ya yi dariya har da buga tebur. Da na ga ya saki jiki sai na shigo da tawa.

"Ni nawa ka ba ni?"

"Wa ya ce na auna ki?"

"Na san wanda na aura. Kai da ko shan shayin babanka sai ka danna agogo."

Ya sosa ƙeya. "Sha tara."

"Cikin nawa?"

"Kar ki tambaya, amarya, zaman aurenmu zai fi daɗewa. Ran Talata na leƙo daga baranda, na bi ki da ido daga ƙofar gida zuwa kedai ɗin mamak, shagon abincin nan. Matar da ke goge bene ta wuce ki da bokitinta. Kyanwar maigadi ta wuce ki, ta je ta dawo, ta sake wuce ki. Ni har na ɗauka an kafa sabon gunki ne a harabar."

"Gunkin ya fi ka farin jini. Shekararka nawa a garin nan ba ka samo ko mai gaishe ka a waya ba? Ba don ni na rufa maka asiri ba da tuzuru za ka mutu."

"Ni ma haƙuri nake. Na auri mace, an kawo mini ita da gwiwar kanti."

"Tsaya. Ran Talata ka ce?"

"Talata."

"Talatar da aka wayi gari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, tayil ɗin harabar nan na santsi kamar an zuba kuɓewa?"

"An ɗan yi yayyafi."

"Yayyafin ne ya jiƙa wandunanka da ka bari a shanya, na kwashe maka? Kili laka ta ci masa, ka mayar masa. Ni kuma 'yar kishiyar gwamnati ce? Mayar mini da abina."

Ya ja tsaki, ya taɓa kwamfutar. "Na ƙara takwas. Don zaman tare."

"Riƙe zaman tarenka, haƙƙina nake bi. Saura nauyi. Me ka gani a bayana?"

"Ƙusumbi."

"Ƙusumbin ya ci gidanku. Hanan ce!"

Hanan autarsu ce, shekararta biyu, 'yar lukutar da ke cinye roti ta miƙo hannu a ba ta na wani. Zulkiflu ya saki baki.

"Hanan? Ban ga Hanan ba."

"Ina za ka gan ta? Kana can sama kamar shaho, ni kuma na ɗaure ta da zani na zuba hijabi a kai saboda ruwa. Kai da ka baro gida ka manta mace in ta fito da hijabi har ƙasa ba a rantsuwa ita kaɗai ce. Ga tapau, ƙunshin abinci na mutum biyar, a hannuna da zan dawo, har da shinkafar da ka lashe ba ko sannu. Wace dalma ce ta kai Hanan? Kilin naka a ɗora masa ita mu ga ko zai kai ƙofa."

"Hajiya!" Da ya ce Hajiya na san wasa ya ɗan ja baya. "Likita bai hana ki ɗaukar kaya ba? In Baba ya ji kin goya yarinyar nan, ba keke ba, a gadon asibiti zai sa a kai ki Kano."

"Je ka gaya masa. Bayan nan ya goyi mutum tara kafin a san za a yi ka. Kuka take, uwarta na wanka, in tsaya jiran likita ya zo ya rarrashe ta? Ka auna ni da mudun da ka auna dokinka, ko in kira malamin naka in ce masa ɗalibinsa son kai yake."

"Da wane yare?"

"Da hannu. Mai kifin kasuwa ma da hannu muke ciniki, kuma kullum shi ke kuka."

Ya daɗe yana danne-danne yana ƙunƙuni. "Hamsin da takwas."

"Saura rangwamen shekaru."

"Yara ake yi wa, ba goɗiyar da ta yi cefane da kwabo ba."

"To hamsin da takwas ta hau keke?"

Sai ya juyo da kwamfutar sosai wajena.

"Maki da nisansa yake tafiya, tsohuwa. Daga ƙofa zuwa kedai gajeren zango ne. Filin jirgin garin nan kin gan shi da idonki. Ga Doha, inda za ku canja jirgi, shi ma gari ne guda. Kalli wannan."

Wata tsere ce ta gwaji. Wani jan duƙushi ya fita tun farko ya ba kowa rata, ina ta yi masa kirari. Ana zuwa kwanar ƙarshe sai ƙafafunsa suka zama na aro. Kilin nan, da mahayinsa ya riƙe wa linzami tun farko kamar mai rowa, sai ga shi ya zo ya wuce shi a gaban rumfa.

"Jan nan ya fi kowa gudu a farkon zango," in ji Zulkiflu. "Ba wanda zai saye shi don haka. A filin sukuwa ina 'yan kallo suke zama?"

"Wajen ƙarewa mana. Wa zai sayi kujera a bayan fili?"

"Wa ya san ki a filin jirgin nan?"

"Ba kowa."

"A Doha fa?"

"Ko kare."

"Ɗelu a ina za ta tsaya?"

Na gyara zama. Gwiwar ma, munafuka, ta zaɓi lokacin ta ɗan yi mini tsami. Na hango kaina na ƙure ƙarfina a ƙasar da ba mai tafa mini, na iso Kano ina jan ƙafa, Ɗelu na gyara ɗaurin ɗankwali.

"Saurara, ɗan caca," na ce. "A Kano ko inuwar keke kar in gani. Tun daga ƙofar jirgi."

"Tun daga ƙofar jirgi."

"Ba sanda."

"Sanda kam…"

"Ba sanda! Kuma in ana tura ni a Doha, duk wanda ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto ban yafe ba. Ba don na gaza zan hau ba, linzami aka riƙe mini."

"Haka zan rubuta a tarihi."

"Kuma saba'in da ɗaya za ka gaya wa babanka. Ba kilin da zai fi ni a gidan ɗana."

"Wannan kuma maguɗi ne."

"Sake ni to, in ga mai kwashe maka wanduna."

Ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya, ya kira babansa a gabana. "Baba, boleh, ta yarda. A sa keke daga nan zuwa Doha. Kano a bar ta da ƙafarta. Eh, na auna. Saba'in da ɗaya." Ya saurara kaɗan. "A'a, Baba, kar ka tambayi cikin nawa."

Da ya ajiye wayar sai ya shiga ɗaki ya fito da kwali, ya dire mini a cinya. Takalmin kambas ne, ja wur, mai taushin ciki.

"Tun yaushe ka sayi wannan?"

"Tun kafin Talata. Doki mai saba'in da ɗaya ba ya shiga fili da silifas ɗin banɗaki."

"Ja? Sai ka ce 'yar firamare ranar wasanni?"

"Don Ɗelu ta hango ki tun daga nesa, ta samu lokacin haɗiye maganarta."

Na zura ƙafa, ya durƙusa ya ɗaure mini igiya. Daidai nan Hanan ta shigo tana jan zanin goyo a ƙasa, ta miƙo mini hannu.

"A'a, 'yar nan, je ki wajen uwarki, yau ba dalma a sirdi," na ce, na miƙe ban dafa komai ba. "Kai kuma maigida, koma barandarka ka danna agogo. Ƙasa ta bushe."