Darasin Shugabanci a Kan Amalanke

Da jami'armu ta koma karatu daga nesa, na tattara na koma gida Mallawa, ina koyar da shugabancin kamfani ta salula. Rezo, wato sabis na waya, ba ya kamawa sai a kan tudun bayan gidanmu.

Ranar da shugaban sashenmu zai leƙo darasina, na tarar da amalanken yayana a kan tudun, jaki a ɗaure a jikinsa. Na haye na harɗe.

"Bari in kwance shi," in ji Yaya.

"Bar shi, Yaya. Mutane nake juyawa, balle jaki."

Na gyara hula, na fara: "Shugaba na gari shi ke yanke inda za a dosa." Ashe lokacin zuwa rijiya ya yi. Jaki ya gangara abinsa. Ɗalibai suka ga sama, suka ga ƙafafuna, suka ji ina roƙon dabba da Faransanci.

Kafin rezo ya ɗauke, shugaban sashe ya ce, "Malam, ina muka dosa?"

Har yau in na kawo shawara a taro, sai wani ya tambaya ko jaki ya amince.